Ajin Turancin yamma na Mabera: abin da na samu a cikinsa da inda ya gaza

Abokan aikina a asibiti sun dame ni da tambaya a kan ajin Turancin da nake zuwa da yamma, ko ya cancanci kuɗinsa, ko kuwa irin wuraren nan ne da ake karɓar kuɗin mutum a ba shi tarin takardun tsoffin tambayoyi a sallame shi. Na ga gara in rubuta amsar wuri ɗaya kowa ya karanta. Ya cancanta, amma akwai wanda zai je ya fito yana jin an ɓata masa lokaci, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Ajin a garejin gidan wani dattijo yake a unguwar Mabera da ke Sakkwato, tsohon malamin sakandare da ya yi ritaya. Ba ya son a sa sunansa a intanet, don haka Baba Malam zan ce, yadda muke kiran sa. Benci ne dogaye, da allon katako da ya sha fenti, da fanka ɗaya mai aiki da sola. Ana zama bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Manya kawai yake ɗauka. Yawancinmu ma'aikatan jinya ne masu shirin jarrabawar IELTS ta auna ƙwarewa a Turanci, sai malaman makaranta, da wani magatakardan kotu, da wani saurayi mai aiki a sashen kasafin kuɗi na wata ma'aikata. Mu masu jinya abin da ya kai mu sananne ne. Hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya tana neman maki 7 a karatu da sauraro da magana, da 6.5 a rubutu, kuma rubutun nan shi ke kayar da mutane. Minti 60 ake ba ka, ka yi rubutu biyu, ɗaya kalma 150 ɗaya kalma 250 aƙalla, kuma kashi ɗaya cikin huɗu na makin rubutun a kan zaɓen kalma yake. A nan ƙarfin Baba Malam yake, kusan ma a nan kaɗai.

Ba ya koyar da kalma ita kaɗai. Dangin kalmomi yake ɗaukowa, waɗanda ƙaramin ƙamus zai ba su ma'ana ɗaya, ya baje su a allo ya yi ta rarrabewa har sai kowace ta tsaya a matsayinta. Zan ba da misali da dangin da muka fi daɗewa a kansa, wato sifofin da ke bayyana abu mai daɗewa ko mai dawowa: continuous, continual, constant, incessant, intermittent, recurrent, persistent, chronic, permanent, perennial, perpetual, eternal da 'yan uwansu. Kafin ya taɓa ko ɗaya sai ya rubuta tambayoyinsa a saman allo. Abin yana yankewa ko ba ya yankewa? An sa masa ranar ƙarewa? Mai maganar ya gaji da abin ne, ko labarinsa kawai yake bayarwa?

Ranar da ya fara da biyun farko, butarsa ta alwala ya ɗauko ya tsaya a bakin garejin. Ya karkata ta, ruwa ya zubo siriri bai yanke ba har ya yi ɗan kududdufi a kan siminti. Ya ce wannan continuous. Sai ya miƙar da butar, ya sake karkatawa ya zuba kaɗan ya tsaya, ya zuba ya tsaya, ya zuba ya tsaya, ruwan yana fallatsa wa na bencin gaba a ƙafa. Ya ce wannan continual. Ya ajiye butar ya goge hannu da gefen rigarsa, ya juyo wajenmu ya ce, "Ku ɗiyana na asibiti, kun fi ni sanin wanga abu. Mi kuka ce ma zazzaɓin da ba shi sauka?" Nan ajin ya zama namu. A makarantar jinya an koya mana cewa continuous fever shi ne zazzaɓin da zafinsa ba ya komawa daidai, kuma hawa da saukarsa ba sa wuce digiri 1 a cikin awa 24, irin wanda ake gani a taifot. Intermittent fever kuwa yakan sauka har jiki ya koma daidai, sannan ya sake tasowa, kamar yadda zazzaɓin cizon sauro ke yi, inda wani nau'insa kan dawo bayan awa 48, wani bayan awa 72. Haka ƙarin ruwa: akwai wanda ake barin sa yana ɗiga ba tsayawa, akwai maganin da ake sawa ta jijiya lokaci zuwa lokaci. Mun san wannan duka a bakin gadon majiyyaci, ba mu dai taɓa ɗauko shi mun yi amfani da shi a rubutun da ba na asibiti ba. Gwanintar dattijon nan ke nan: yana tono abin da mutum ya riga ya sani a wurin aikinsa ya ɗora sabon a kai.

Sai ya raba continual da intermittent, waɗanda duka biyun suna yankewa. Intermittent labari kawai take bayarwa, abin yana zuwa yana tafiya. Continual kuwa tana nuna yawan dawowar ya kai a lura da shi, sau da yawa ma ya kai a ji haushi. Idan haushin ya yi yawa kuma abin ya ƙi bari a huta, sai a koma ga incessant, wadda kusan ba a haɗa ta da abin alheri. Shi ya sa jaridunmu ke yawan haɗa ta da yajin aiki da ɗaukewar wuta da hare-hare. Wata malamar firamare a cikinmu ta rubuta incessant support tana nufin yabon iyayen yara da ba sa gajiya da taimakon makaranta. Baba Malam ya karanta jimlar da ƙarfi, ya cire tabarau ya ce, "Malama, kin gode musu ko kin kai ƙararsu?" Ya sa ta mayar da ita constant support. Constant, in ji shi, nauyinta a kan rashin canzawa yake, abin da yake nan yadda yake jiya da yau, shi ya sa masu lissafi suka ɗauke ta suka raɗa wa adadin da ba ya sauyawa.

Inda na fi amfana shi ne chronic, don kalma ce da ake ɓata ta kullum a gabana. A Turancin da ake yi a titi a ƙasar nan, mutum zai riƙe kai ya ce ciwon kansa chronic ne, alhali da safiyar nan ya fara masa. Tsanani yake nufi. Kalmar kuwa ba ruwanta da tsanani, daga kalmar Girkanci mai nufin lokaci ta fito, daɗewa take aunawa. Kishiyarta acute, abin da ya taso farat ɗaya kuma ba ya jimawa. Ciwon ƙoda ba a kiran sa chronic sai ya wuce wata 3. Ciwon hanta nau'in B sai ƙwayar ta zauna a jiki fiye da wata 6. Hawan jini chronic ne ko da mai shi yana yawonsa a kasuwa bai jin komai, sanƙarau kuwa acute ne ko da yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. Sikila ta haɗa kalma biyu a jiki ɗaya: cutar kanta chronic ce, tun haihuwa, amma tashin ciwon da ke kawo yaro asibiti cikin dare recurrent ne, yana tafiya gaba ɗaya ya sake dawowa. Sai persistent, abin da ya kamata a ce ya tafi amma ya nace, kamar tarin da ya kai mako 2 bai bari ba, wanda a nan ne muke tura mutum gwajin tibi. Wannan ba gyaran Turanci na ado ba ne a wajenmu. Wadda ta karɓi aiki daga hannunki da daddare da abin da kika rubuta za ta yi aiki, in kin sa chronic inda ya kamata ki sa severe, wato mai tsanani, kin ba ta wani labari daban da na majiyyacin da ke kwance.

Saurayin kasafin kuɗi ne ya ƙara mana wata fuskar recurrent. A wajensu recurrent expenditure shi ne kuɗin da ake kashewa kowace shekara a kan albashi da tafiyar da ofis, capital expenditure kuma na gina hanya da asibiti da makaranta. Babu ƙorafi a cikin kalmar, babu yabo, dawowa kawai.

Darasin permanent ya fi kowanne ban dariya, saboda Sakkwato cike take da abubuwan da aka kira permanent. Akwai mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, can bayan an haye gulbi, ga kuma tsohon mazauninta na cikin gari. Akwai katin zaɓe na dindindin da kowa ke kira PVC, wanda ya maye gurbin na wucin gadi. Akwai kuma Permanent Secretary, babban sakataren ma'aikata, wanda dokar aikin gwamnati ke sallamar sa in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Baba Malam ya tambaya, to ina dindindin ɗin mutumin da ranar ritayarsa ke rubuce a fayil? Amsar ita ce ana kiran sa haka ne saboda kwamishina ko minista na zuwa ya tafi da gwamnatin da ta kawo shi, shi kuwa ma'aikacin yana nan. Permanent ba ta yi wa kowa alkawarin har abada ba. Abin da take cewa shi ne ba na wucin gadi ba ne, ba a kafa shi da niyyar a cire gobe ba. Haƙoran manya 32 da ke maye gurbin na yara 20 su ma permanent ake ce musu, ga shi kuwa ana cire su kullum a ɗakin likitan haƙori. Daga nan ya gangara kan lasting da durable da long-lasting cikin sauri. Durable ta kaya ce masu jure wahala, takalmi da tukunya. Lasting ta fi zama da abin da ba a taɓawa da hannu, kamar zaman lafiya ko tasiri. Long-lasting kuwa na riga na san ta a jikin ledar gidan sauro mai magani da muke raba wa masu awon ciki, wanda aka yi shi don maganinsa ya jure wanki 20 da amfanin shekara 3. Mai daɗewa ne, amma ranarsa tana zuwa.

A kan perennial ya daɗe, har ya wuce lokaci, kuma ban ji haushin daɗewar ba. Asalinta Latin ne, daga kalmar shekara, irin tushen da annual ta fito. A wajen manoma, gero da dawa annual ne, shekara ɗaya su yi rayuwarsu su gama. Mangwaro da dogonyaro perennial ne. Tsakaninsu akwai biennial, shukar da ke buƙatar zango biyu kafin ta cika rayuwarta, kuma misalin yana nan a buhu-buhu a kasuwanninmu: albasa. A zangon farko take yin kai, wanda muke ci. Mai son iri sai ya mayar da kan nan ƙasa, a zango na biyu ya yi fure ya ba da iri. Duk wanda ya tashi a gidan masu noman albasa a fadama ya san haka tun yana yaro, sunan Turancin ne kawai baƙo. A wajen masu nazarin ƙasa kuma, perennial river shi ne gulbin da ba ya ƙafewa rani da damina, saɓanin seasonal, mai ruwa da damina kawai. Amma da aka ɗauko kalmar aka kai ta kan matsala, sai ta koma nufin abin da ke dawowa shekara bayan shekara, ba a rabu da shi ba. Da 'yan jarida suka rubuta perennial flooding a kan garuruwan bakin gulbin Rima, ba suna cewa ruwan yana kwance a gonaki wata goma sha biyu ba ne. Ko ambaliyar 2010, wadda ta yanke hanyar zuwa jami'a ta wajen Kwalkwalawa, ta janye daga baya. Dawowar ce ba ta ƙarewa. Kalma ɗaya ke nan tana nufin rashin yankewa in an haɗa ta da gulbi, tana nufin dawowa in an haɗa ta da matsala, kuma abin da Baba Malam ke nanatawa ke nan, cewa abokiyar zaman kalma ita ke faɗa maka ma'anarta. Ba ya yarda mu rubuta sifa a littafinmu ba tare da sunaye biyu ko uku da take tafiya da su ba.

Ya yi mana gargaɗi a kan biennial da biannual, ɗaya sau ɗaya a shekara biyu, ɗaya sau biyu a shekara. Shawararsa ita ce a jarrabawa mu guje su, mu rubuta every two years ko twice a year, tunda Turawan ma suna rikita su.

Perpetual magatakardan kotu ne ya ɗauke ta daga hannunsa. Ya ce a wajensu akwai umarnin hani na ɗan lokaci da alƙali ke bayarwa kafin a gama shari'a, akwai kuma perpetual injunction da ake bayarwa bayan an yanke hukunci, hanin da ba a sa masa wa'adi ba. A bakin mutane kuwa takan zo da zuguguwa, kamar a ce wa mutum perpetual latecomer. Da aka zo kan eternal da everlasting, Baba Malam ya sauya murya. Ya tambayi wa ya karanta sifofin Allah a makarantar zaure, hannuwa suka tashi da yawa. Ya ce to ku tuna ƙidamu da baƙa'u, rashin farko da rashin ƙarshe. Eternal a ainihin ma'anarta ta haɗa biyun. Everlasting ƙarshen kawai take korewa, abu na iya samun farko ya kasance everlasting. Ya ƙara da cewa a maganar yau da kullum Turawa na musanya su ba tare da damuwa ba, amma mai fassara wa'azi ko huɗuba ya kamata ya san inda ya taka. Minti biyar bai cika ba ya wuce, ajin kuwa ya yi tsit.

Yanzu inda ban yarda da shi ba. Dattijon nan yana riƙe ƙa'ida fiye da masu harshen. Shi da kansa ya sa kowannenmu ya nemi ƙamus ɗin Oxford na masu koyo, wanda A. S. Hornby ya tsara, maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fara buga shi a 1948, kuma a cikinsa akwai bayanin da ke cewa bambancin continuous da continual yana ta shuɗewa a Turancin yanzu. Na nuna masa wurin. Na kuma kawo masa continuous assessment, wato C.A. ɗin da kowane ɗan makaranta a ƙasar nan ya sani, gwaje-gwajen da ake yi lokaci zuwa lokaci a cikin zango, wanda bisa darasin butarsa continual ya kamata a kira shi. Haka rajistar masu zaɓe da ake kira Continuous Voter Registration, wadda ake buɗewa a rufe. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗiyata, su sun ɓata abinsu, ke kuma ki taya su?" Aka yi dariya, amma bai ba ni amsa ba. Ni a ganina ya kamata ya faɗa wa ɗalibai ƙa'idar, ya faɗa musu inda ta sassauta, ya bar su su zaɓa. Yadda yake yi yanzu, wasu na fita suna gyara wa mutane Turancin da ba kuskure ba ne.

Jan bironsa ma yana da zafi. Na ga takardar wata ƙawata da ya mayar mata, shafi ɗaya, ya zagaye sifa bakwai, a gefen kowace ya rubuta tambaya maimakon gyara: yana yankewa? wa ya gaji? har yaushe? A ƙasa ya ja layi biyu ya rubuta, sake. Babu maki, babu madalla. Ni irin wannan gyaran ya yi mini, don yana tilasta mutum ya yi tunani da kansa, amma na ga wadda ta ninke takardarta ta sa a jaka ba ta sake dawowa ba. Kuma yana karanta kuskuren mutum a gaban aji. Ba ya faɗin suna, sai dai a ajin da bai kai mutum ashirin ba kowa ya san rubutun kowa.

Babban giɓin shi ne sauraro da magana. Jarrabawar kashi huɗu ce, shi kuwa kashi ɗaya da rabi yake taɓawa, rubutu da ɗan karatu. Babu lasifika, babu faifan sauraro, ba a gwada hira irin ta jarrabawa. Duk mai zuwa don IELTS sai ya nemi waɗannan a wani wuri, ko a wayarsa. Ba ya raba takardar darasi, abin da ka kwafa daga allo shi ne naka, kuma yana goge allo da sauri. In ya shiga tarihin kalma daga Latin yakan manta da agogo, har a ji kiran salla daga masallacin unguwa, mu mata kuma mu fito muna neman keke napep cikin duhu, wasunmu har Arkilla ko Runjin Sambo za su. Mun yi magana, ya gyara na ɗan lokaci, ya koma. Zafin garejin a watan Afrilu, lokacin da Sakkwato ke haura digiri 40, fanka ɗaya ba ta iya masa, don haka a zo da ruwan sha da mafici.

Kuɗinsa wata-wata ake biya, kuma bai kai abin da nake kashewa a kan data ba. Wanda albashinsa ya makara yakan ɗaga masa ƙafa ba tare da surutu ba. Mai jarrabawa nan da mako uku da ke neman dabarun cin maki, kada ya je, ba abin da ake sayarwa a can ke nan ba. Wanda Turancinsa bai kai ya rubuta sakin layi ba shi ma zai sha wahala, don Baba Malam ba ya komawa kan nahawun farko. Wanda zai amfana shi ne mai rubuta rahoto ko wasiƙar ofis ko bayanin majiyyaci a kullum, Turancinsa ya zauna, amma ya san sifa uku ko huɗu yake ta juyawa a kowane rubutu. Ya tafi da littafi mai kauri da biro biyu, ya kuma kama bencin gaba, don muryar dattijon ba ta kai baya sosai in fanka na juyawa.